Ranar da Na Ƙi Yafe wa Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da Libiya ta buɗe ƙofa ta ce duk ɗan Afirka ɗan gida ne, ina cikin waɗanda suka ɗauki maganar da gaske suka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya. Na sauka Sabha da riga biyu da bargo ɗaya, ina da tabbacin cewa cikin wata shida zan koma ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi da rediyo a kafaɗa. Shekara biyar na yi. Rediyon dai na saya, wannan kam ba wanda zai ƙaryata ni.

A unguwar Jadid na zauna, gidan wani dattijo ɗan yankinmu da kowa ke kira Alhaji. Ya daɗe a garin, yana fataucin kaya tsakanin Sabha da Agadas, Larabci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Shi ke karɓar baƙi, shi ke zuwa belin wanda 'yan sanda suka kama, shi ke sama wa mutum aiki. Mu takwas a ɗaki, tire ɗaya muke sa hannu. Da safe mu fita bakin titi da shebur da diga mu tsaya, Balarabe ya faka mota ya ce "shugul", wato aiki, mu ruga kamar an watsa wa kaji tsaba. A rediyo kuwa kullum zancen haɗin kan Afirka ake, da manyan kuɗin da za a zuba a raya ƙasashen talakawa. Mu dai muna ji, muna sauke buhunan siminti.

Mahaifina ya rasu tun ina saurayi. Mahaifiyata ta ci gaba da zama a gidan, ƙarƙashin ƙanensa, baffana, wanda ya zama babban gida. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk wanda zai tafi gida sai na ƙulla masa saƙo ya kai mata. A raina ina ganin babu ɗa irina a faɗin ƙasar Hausa. Har lissafi nake ina kwance, wai yanzu ta cika rumbu da gyaɗa, wai yanzu ta fi ƙarfin dakan hannu.

Wata rana abokina, wanda muka taso tare kuma muke ɗaki ɗaya, ya dawo daga ganin gida ya miƙo min kaset. A zamanin haka ake aike: wanda bai iya rubutu ba ya yi magana a kaset, a ba matafiyi. Ya ce, "Inna ta ce hannu da hannu, kuma ka saurara kai kaɗai."

Ni ne ɗan fari, ita kuma irin matan da ce, ko sunana ba ta kamawa. Tun da nake ba ta taɓa zaunar da ni ta yi min doguwar magana ba. A makon ina aiki a wata gonar dabino a Guduwa, kudu da Sabha. Da aka tashi hutun rana na ja rediyona can bayan famfon ban ruwa na kunna.

"Kai mutumin Libiya, ina gaishe ka. Saƙonka duka sun iso, Allah shi yi albarka. Amma ka ji, ban ga abin da munka yi da su ba. Ranar da kuɗɗi sunka shigo, kahin la'asar gari ya ji. Baffanka shi zo shi ce taki. Wane shi ce suna, wance ta ce magani. Kyautar ɗa ce, ta dangi ce, ba ni da bakin hanawa. Kaka ta yi, gyaɗa ta yi arha, ko tiya guda ban aje ba."

Ina jin kukan akuya a bayanta. Daga nan ta ba ni labarin asusun da matan ƙauyenmu suka kafa. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku. Duk mako suna haɗuwa kowace ta zuba ɗan abin da ta samu, mai bukatar jari ta ranta, ta juya, ta mayar. Matsalarsu ɗaya, abin da ke cikin akwatin bai taka kara ya karya ba.

"Kar ka ƙara aiko min kyauta," in ji ta. "Ka zuba cikin asusun da sunanka. Malamin lakwal, na makarantar boko, shi rubuta takarda, a karanta gaban mai gari, cewa rance ne, kana bi. Ni in ɗauka, sauran mata su ɗauka. Kuɗɗin mutane ba mai taɓa su. Kuma maganar ga tsakanina da kai ce. In baffanka ya ji daga bakina ta hito, zaman gidan ga ya ƙare min."

Sau uku na saurari kaset ɗin. Kunya ta kama ni, don shekara biyu ina yabon kaina a kan abin da ko ƙwaryar gyaɗa bai saya mata ba. Ranar na yanke shawara. Abin da na tara don in sayi fili, na haɗa shi gaba ɗaya na ba wani direba amintacce, da wasiƙa zuwa ga malamin makarantar ƙauyenmu. Na ce a rubuta yadda ta ce: rance ne, ina bi, bayan kaka biyu a dawo min da abina, ba ƙari ba ragi.

An rubuta, an karanta gaban mai gari. Bayan wata guda wasiƙar baffana ta iso Sabha, amma ba ni ya aiko wa ba, Alhaji ya aiko wa.

Ranar Juma'a ce, mun dawo masallaci mun ci makaroni, an ɗora shayi. Tsakar gidan cike, don ran Juma'a har waɗanda ke aiki a gonaki suna shigowa. Sai na ga Alhaji ya sa an kawo rediyonsa, ya ɓare sabon kaset daga leda ya saka. Ya kira ni, na je na durƙusa.

"Yaro, wata magana na ji, na ce ƙarya ce. An ce ka ba mahaihiyarka bashi, har da takarda."

"Asusun mata na ba, Baba."

"Ita tana ciki?"

"Tana ciki."

"Ta ɗauka?"

"Ta ɗauka."

"To ka ba uwarka bashi ke nan. Ita da ta goya ka, takarda ta rubuta maka? Nonon da ka sha, nawa anka yi maka kuɗinshi?"

Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi." Alhaji ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. A ganinsa ceto na yake yi. Ya sassauta murya ya ce shaiɗan ne, kuma kuɗin Libiya sun saba juya kan yara. Ya turo rediyon gabana.

"Kalma biyu ce. Ka ce, na yahe. A kai kaset ɗin gida, a sa gaban mai gari, magana ta mutu. Mu duka nan shaidu ne."

Na dubi rediyon. Na san abin da kalma biyun nan za su yi. Da zarar an ji su a ƙauye, kuɗin sun tashi daga rance sun koma kyautar ɗa, kuma kafin la'asar za a yi layi a ƙofar ɗakinta. Kaset ɗinta kuwa yana cikin jakata, taku goma daga inda nake durƙushe. In na ɗauko na kunna, kowa zai wanke ni nan take. Amma a tsakar gidan nan akwai mutum huɗu 'yan ƙauyenmu, ɗaya ma surukin baffana ne.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ban yafe ba."

"Mi ka ce?"

"Na ce ban yafe ba. Gumina ne. Rance na bayar, kuma ina bi."

Har yau ina mamakin inda muryar ta fito, don ni mutum ne da ko ciniki ban iya ba, in mai kanti ya ɗaure fuska sai in biya. Amma ranar wani taurin kai ya sauko min tun daga ƙeya har dugadugai. Raina kuma ya ɓaci, ba da Alhaji kaɗai ba. Duk mutanen da ke zaune suna girgiza kai, kowannensu yana aika kuɗi gida, kuma babu wanda ya taɓa tambayar a hannun wa suke kwana.

Alhaji ya kashe rediyon. Ya ce, "Akwai aikin gadi da ban ruwan lambu da na samo maka a Sukra, gidan wani mutumen kirki. Albashi duk wata, da ɗakinka. Na riga na ba da sunanka. Amma ba ni kai wa mutane wanda bai ji tausan uwa tai ba. Ka yi tunani zuwa Juma'a mai zuwa."

Aikin nan shekara guda ina roƙonsa. Wanda ya taɓa tsayuwa bakin titin Jadid tun asuba har rana ta take, motoci suna wucewa ba wadda ta tsaya, shi ya san darajar albashin wata.

Da yamma abokina ya ja ni waje, muka zauna kan wani tulin bulo. Shi kaɗai na gaya wa abin da ke cikin kaset ɗin. Ya riƙe baki, sannan ya ce, "To kai wane irin wawa ne? Ka kai wa Alhaji shi ji shi kaɗai mana."

"Alhaji zai ji ya yi shiru? Shi da zai tashi wanke ni gaban jama'a?"

"To ka ce ka yahe a nan, can kuma ka aika a ɓoye ka ce ba ka yahe ba."

"Kaset ɗin gaban mai gari za a sa shi."

Ya yi tsaki. "Sunanka fa ya ɓaci. Wa zai ba ka ɗiya tai a garinmu?"

Na ce masa sunan nawa ne, in ya ɓaci ni ya ɓace wa. Ita kuma ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan.

Juma'a ta zagayo, Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa, na ce ina nan kan bakana. Aikin Sukra aka ba wani. Ba a kore ni daga gidan ba, amma in an ajiye tire sai in ga da'irar ta haɗe ba a bar min gurbi ba. Aka laƙaba min suna Banki. In na shigo a ce, "Ku ɓoye aljihunku, ga Banki nan." Wani ya ce in na mutu da takarda za a yi min likkafani. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na shiga bayi na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na wanke fuska na fito ina yin fito da baki don kar a gane.

Bayan wata biyu na tattara na koma Guduwa gaba ɗaya. Na koyi hawan dabino, ƙaya ta yi min zane a hannu har yau da sauran tabo. Kuma don a san ba kuskure na yi ba, duk abin da na samu sai na ƙara aikawa cikin asusun, kowane da takardarsa, kowane a karanta gaban mai gari. Tunda an ce Banki, na ce bari in yi bankin da hujja.

Abokina ne ke kawo min labari in ya je gida. Inna ta sayi gyaɗa da kaka ta cika rumbu, ta riƙa fitar da mai har bazara lokacin da ya yi tsada. Wata ta sayi keken ɗinki. Wata ta ɗaure raguna biyu don Layya, ɗaya ya mutu, matan suka haɗu suka ɗage mata lokaci har ta farfaɗo. Ba duka aka ci riba ba, amma akwatin bai taɓa komawa fanko ba.

Labarin da ya fi ba ni dariya shi ne na baffana. Wai ya je wurin uwar asusun, wata tsohuwa mai bakin tsiya, ya ce a ɗan ba shi wani abu daga kuɗin ɗansu, ai gida ɗaya ne. Ta ce masa, "Wane ni. Kuɗɗin yaron ga na Libiya? Kai ka san halinshi. Wanda bai raga ma uwa tai ba, ni zai raga mawa? Sai dai ka aika ka tambaye shi." Baffa ya juya ya tafi yana Allah wadai da ni. Sai a lokacin na gane cewa mugun sunan nawa ma aiki yake yi, ya zama kwaɗo na huɗu a jikin akwatin. Daga ranar na daina jin haushin masu kirana Banki, har amsawa nake.

Da na dawo gida, kwana uku da saukata uwar asusun ta tara mata a ƙofar mai gari, aka aiko kirana. Maza ma sun taru, don kowa yana son ya ga ƙarshen rashin kunya. Aka buɗe akwati, mata suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ce ta ƙarshe. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye nata a kan tabarma, ba ta dube ni ba.

Baffana ya ce, "To ga ta nan gabanka. Ko yanzu ba ka jin kunya ka ce ka bar mata?"

Wallahi na so in faɗa. Bakina har ya buɗe. Sai ta ɗago, ta yi magana tana kallon gefe, yadda ta saba in da ni take.

"A ce mishi shi ƙirga."

Na ƙirga, jama'a suna kallo. Ya cika cif. Na ce ya cika. Sannan na tura kuɗin gaban uwar asusun na ce a mayar cikin akwati, a sake rubuta takarda, rance ne, ina bi. Wani dattijo ya tofar da yawu ya tashi. Inna ta gyara lulluɓinta ta koma cikin mata, kuma na ga yadda take tafiya ranar, kanta a sama.

Yanzu in na ji masu ilimi suna gardama a kan ba talakawa ƙananan rance, wasu na cewa ai talaka sadaka ta dace da shi, bashi zalunci ne, sai in yi murmushi. Na san akwai masu ba da rance don su tsotse mutane, waɗannan Allah ya isa. Amma wanda bai taɓa zama mace a gidan da kowa ke da haƙƙi a kan abin hannunta ba, ya yi a hankali da bakinsa. Sadaka na yi shekara biyu, ta ƙare a takin wani da ragon sunan wani. Abin da ya tsaya a hannun Inna shi ne wanda aka ce ba nata ba ne. Ban karanta wannan a ko'ina ba, tsohuwar da ba ta san alif ba ce ta koya min. Kuma ban taɓa neman afuwar kowa a kan abin da na yi a Jadid ba, ba kuma zan nema ba.

Abin da ya sa na iya ba da labarin yanzu shi ne duk wanda zai cutu da shi ya riga mu gidan gaskiya. Baffana ya fara tafiya, bai taɓa sanin komai ba. Inna ta bi bayansa da 'yan shekaru.

Ranar jana'izarta an shimfiɗe ta, mun yi sahu, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi kafin a ta da kabbara: ko akwai wanda ke bin marigayiya bashi, ya faɗa a biya, ko ya yafe mata. Sai na ga kawuna suna juyowa wajena ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru mutanen nan suna jiran su ji kalma biyun nan daga bakina. Wani na kusa da ni ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "Ka faɗa mana, ko don ta kwanta lahiya."

Na ɗaga murya yadda na sahun baya zai ji. Na ce, "Malam, babu abin da zan yafe. Ta biya ni tun tana da rai, ko dala ba ta rage ba. A sallace ta, ba ta riƙe haƙƙin kowa ba."

Liman ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya juya ya fuskanci gabas.